Ba Kowace Nadama Ce Bature Ke Kira "Remorse" Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata kalmar Turanci da ke yawan fitowa a labaran kotu da na ƙasashen waje, wato "remorse", tare da 'yan'uwanta da ake yawan cakuɗa su da ita wajen fassara. Na daɗe ina aikin tafinta a kotu kafin in yi ritaya, kuma har yanzu ina bin labaran Hausa a rediyo da jaridu da intanet. Abin da na lura da shi shi ne, idan labari ya zo da Turanci ɗauke da "remorse" ko "regret" ko "sorry" ko "apology", sai mai fassara ya haɗa su gaba ɗaya ya ce wane ya yi nadama, ko kuma wane ya nemi afuwa, alhali kuwa masu harshen da kansu sukan kwana suna gardama kafin su zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, musamman idan maganar ta shafi hukunci ko diyya. Wanda ya dogara da Hausa kaɗai don sanin abin da duniya ke ciki yana da haƙƙin a faɗa masa ainihin abin da aka ce, ba abin da mai fassara ya ga ya fi daɗin ji ba.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, daga wani aikatau da ake cewa "remordere", wanda ke nufin a sake cizon abu bayan an riga an cije shi, sannan ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Turawan wancan zamani a haka suka fahimce ta, har ma a shekarar 1340 wani malamin addinin Kirista a birnin Canterbury na Ingila, da ya zo sanya wa littafinsa suna, sai ya warware ma'anar da Turancin gargajiya, ya kira abin da cizon da zuciya ke maimaita wa mai ita. Bahaushen da ya ji haka zai ce ai mu ma muna da cizon yatsa, kuma Alƙur'ani mai girma, a Suratul Furƙan aya ta 27, ya ambaci ranar da azzalumi zai ciji hannayensa yana cewa ina ma ya bi hanya tare da Manzo. Akwai kamanceceniya, amma akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. A maganarmu ta yau da kullum, mai cizon yatsa shi ne wanda abu ya kuɓuce masa ko haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Manomin da ya sayar da masararsa da kaka a kan arha, farashi ya ninka kafin damina, ya yi cizon yatsa. Ɓarawon da ya zo ya tarar an ƙara wa ƙofa kwaɗo, shi ma cizon yatsa ya yi. Babu ɗaya a cikinsu da Bature zai ce yana da "remorse", domin a wajensa ba mutum ne ke cizon kansa don takaicin asara ba, zuciyarsa ce ke cizonsa saboda cutar da ya yi wa wani.

Ke nan sharuɗɗa uku ne suke tattare da kalmar ko da ba a faɗe su ba. Dole ne abin ya zama mai maganar ne ya aikata shi da kansa, dole ne ya yarda cewa laifi ne ba kuskuren lissafi ba, kuma dole ne raɗaɗin da yake ji ya zama na halin da ya jefa wani a ciki. Direban da ya yi gudun wuce sa'a a cikin gari ya kaɗe yaro, ya kasa barci, ya kasa haɗa ido da iyayen yaron, abin yana cin sa a rai duk sa'ad da ya wuce wurin, shi ne mai "remorse". Ga ɗalibanmu da ke shirin jarrabawa, yana da kyau su san cewa kalmar suna ce da ba a yi mata jam'i, ba a cewa guda ɗaya ko guda biyu, ana dai cewa mutum ya ji ta ko ya nuna ta a kan abin da ya yi. Siffarta ita ce "remorseful", wato wanda laifinsa ke damunsa. Kishiyarta kuwa, "remorseless", tana da fuska biyu, domin takan nufi mutum marar tausayi da ba ya ko waiwayen ɓarnar da ya yi, takan kuma nufi abin da ba ya sassautawa, kamar fari ko hauhawar farashi, wanda babu ruwansa da laifi ko zuciya. Akwai kuma wata magana ta kasuwa, "buyer's remorse", da suke yi wa wanda ya sayi mota ko gida ya dawo yana jin da bai saya ba. Wannan aro ne da ke da ɗan zolaya a ciki, kuma da-na-sani ce tsagwaronta, ba a fassara ta da nadamar laifi.

"Regret" ita ce mai faɗi, kuma faɗin nata ne ke ruɗar da masu fassara. Mutum yana iya yin ta a kan laifinsa, yana iya yin ta a kan damar da ta wuce shi, yana kuma iya yin ta a kan abin da ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu ya san takardar nan da ke farawa da "we regret to inform you", kuma ya san cewa magatakardan da ya sa hannu bai aikata zunubin komai ba, ladabi ne kawai na isar da labari marar daɗi. Haka ma sanarwar rasuwa, haka ma sanarwar ɗauke wuta ko jinkirin jirgi. A irin waɗannan wurare Hausar da ta dace ita ce "muna baƙin cikin sanar da ku" ko "ba mu ji daɗin abin da ya faru ba". Ita kuwa "sorry" mu a nan mun mayar da ita "sannu", shi ya sa idan Bature ya yi tuntuɓe ɗan Nijeriya ya ce masa "sorry", sai ka ji ya amsa da cewa ai ba laifinka ba ne, saboda shi a kunnensa kalmar ta fi karkata ga amsa laifi a irin wannan hali. Amma su ma sukan faɗe ta a wajen ta'aziyya da jaje, don haka kalma ce mai ƙofa biyu, kuma 'yan siyasa sun san amfanin ƙofa biyu. "Apology" kaɗai ce ke nufin neman afuwa a fili, wato mutum ya buɗe baki ya ce na yi laifi, a yafe mini.

Inda bambancin ya fi nauyi shi ne a gaban alƙali, domin a can kalma ɗaya takan rage wa mutum shekaru a gidan yari ko ta ƙara masa. Ban san bayanin da ya fi fito da abin fili ba kamar wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Kudu ta yi a shekarar 2010 a shari'ar da aka sani da sunan Matyityi. An sami mutumin da laifin kisa da fyaɗe da fashi, kotun farko ta sassauta masa ta ba shi shekara 25 maimakon ɗaurin rai da rai, tana mai dogaro da ƙuruciyarsa da kuma cewa ya amsa laifinsa, wanda ta ɗauka alamar nadama ce. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Mai Shari'a Ponnan, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce akwai rata mai zurfi tsakanin "regret" da "remorse", domin masu laifi da yawa sukan yi da-na-sanin abin da suka aikata, musamman bayan an kama su, amma wannan bai isa a ce zuciyarsu ta karye saboda wanda suka zalunta ba. Ya ce amsa laifi a lokacin da hujjoji suka riga suka yi wa mutum katutu ba ya nuna komai, kuma kafin kotu ta yarda cewa nadamar ta gaskiya ce, sai ta san abin da ya sa mutumin ya aikata laifin, da abin da ya sauya masa zuciya daga baya, da kuma ko ya fahimci girman ɓarnar da ya yi. Daga ƙarshe kotun ta mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. A Ingila ma ƙa'idojin yanke hukunci sun raba abubuwan biyu: amsa laifi da wuri yana iya rage kashi ɗaya bisa uku na hukunci, ita kuma nadama ana duba ta dabam a matsayin dalilin sassauci. A nan gida, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 270 da ya yi magana a kan sasantawa tsakanin mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma, ta ambaci wannan kalma da sunanta cikin abubuwan da za a duba, tare da yardar mutum ya ɗauki nauyin abin da ya aikata.

Bari in faɗi yadda abin yake a cikin ɗakin kotu, tunda ba kowane mai karatu ne ya taɓa shiga ba. Bayan alƙali ya sami mutum da laifi, kafin ya yanke masa hukunci, akan ba shi dama ya yi magana. Lauyoyi suna da sunan da suke kiran wannan da Latin, mu kuwa roƙon sassauci muke cewa. Tafinta ya juya ya tambaye shi, "Kana da abin da za ka faɗa wa kotu kafin a yanke maka hukunci?" Mafi yawan abin da ake ji iri ɗaya ne: "Ranka ya daɗe, a tausaya mini, ina da mata biyu da 'ya'ya, ni ke ciyar da mahaifiyata, wannan ne karo na farko, sharrin Shaiɗan ne." Duk wanda ya saurara da kyau zai ga cewa daga farkon maganar har ƙarshenta ba a ambaci wanda aka cuta ba, kansa da iyalinsa kawai mai maganar yake tausaya wa. Alƙali yakan rubuta, wani lokaci ya sassauta saboda iyalin, amma ba zai rubuta cewa mutumin ya nuna "remorse" ba, kuma ɗan jaridar da ya fita ya ba da labari cewa mai laifin ya nuna nadama ya ƙara abin da babu shi a littafin kotu.

Akwai kuma akasin haka, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Wani dattijo manomi, a rikicin iyakar gona, ya bugi ɗan maƙwabcinsa da ƙotar fartanya har yaron ya rasa ido ɗaya. Da aka ba shi damar magana, bai ɗaga kansa ba, hularsa tana hannunsa yana murza ta, ya daɗe shiru har alƙali ya ɗago ya dube shi, sannan ya ce, "Na ɗauki alhakinsa. A gaya wa uwarsa ta yafe mini." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wanda bai san mutanenmu ba zai iya ɗaukar wannan shiru da sunkuyar da kai a matsayin taurin kai ko rashin damuwa, tunda a al'adar Turawa ana son mai laifi ya dubi kotu ya yi bayani da bakinsa. Amma duk Bahaushen da ke ɗakin ya san nauyin kalmar alhaki, ya san cewa mutumin yana nufin abin zai bi shi har kabari, tunda mun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sai daga baya lauyansa ya shaida wa kotu cewa tun kafin a fara shari'ar ya sayar da sansa na noma ya biya kuɗin asibiti. A ganina, idan ana neman Hausar "remorse" a bakin talaka, a nan take: alhaki ya kama shi, haƙƙin wani ya hana shi sakat, abin yana cin sa a rai. Kalmar nadama daidai ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba sai an ɗaura mata abin da zai nuna a kan me aka yi ta.

Dalili kuwa shi ne, nadama a harshenmu, kamar yadda take a Larabcin da muka aro ta, tana ɗaukar ma'anonin biyu. Alƙur'ani ya ce Ƙabila, bayan ya kashe ɗan'uwansa Habila ya ga hankaka yana tona ƙasa, ya wayi gari cikin masu nadama, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 31, kuma malaman tafsiri da dama sun bayyana cewa wannan nadama ba tuba ba ce. Haka mutanen Annabi Salihu, da suka soke taguwa, an ce sun wayi gari suna masu nadama, amma azaba ba ta fasa kama su ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga hadisin da ya ce nadama tuba ce. Saboda haka mai karatun Hausa da ya ga an rubuta "ya yi nadama" ba zai san wacce ake nufi ba, kuma da yake mu mutane ne masu kyautata zato, sai zuciyarsa ta tafi ga mai kyaun.

A harkar diflomasiyya kuwa, zaɓen kalma sana'a ce da ake biyan mutane albashi a kanta. A ranar 6 ga Yunin 2013, Sakataren Harkokin Wajen Birtaniya na lokacin, William Hague, ya tsaya a majalisar dokoki ya yi magana a kan azabtarwar da aka yi wa 'yan Kenya a zamanin dokar ta-ɓacin Mau Mau, daga 1952 zuwa 1960. Ya sanar da biyan fam miliyan 19.9 a sasantawar da ta shafi mutum 5,228, ya ce gwamnatinsa tana matuƙar "regret" cewa an aikata waɗannan abubuwa, amma a cikin jawabin nan guda ya jaddada cewa gwamnati ba ta amince tana da alhaki a shari'ance ba. Bayan shekara goma, a ranar 31 ga Oktoban 2023, Sarki Charles ya halarci liyafa a Nairobi tare da Shugaba William Ruto, ya ce zaluncin da aka yi a baya abin matuƙar baƙin ciki ne da kuma mafi zurfin "regret", ya ce babu uzurin da za a iya kawowa a kansa. Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba, amma bai nemi afuwa ba, kuma masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Kenya, waɗanda suka nemi a fito fili a nemi gafara, sun lura da hakan nan take. Mai fassarar da ya rubuta cewa Sarkin Ingila ya nemi afuwar 'yan Kenya ya ba shi ladan abin da bai yi ba, ya kuma sa mai karatu ya kasa gane dalilin da ya sa tsofaffin da aka azabtar ba su gamsu ba. Irin wannan ce ta faru a 2019, lokacin cika shekara ɗari da kisan da sojojin mulkin mallaka suka yi a Amritsar ta Indiya a ranar 13 ga Afrilun 1919, inda Firayim Minista Theresa May ta tsaya a kan "regret", shugaban 'yan adawa Jeremy Corbyn kuma ya ce a fito a nemi afuwa sosai. A Ostareliya ma Firayim Minista John Howard ya yi shekaru yana ƙin furta "sorry" ga 'yan asalin ƙasar da aka raba da 'ya'yansu, sai da Kevin Rudd ya hau mulki ya furta ta a majalisa a ranar 13 ga Fabrairun 2008. Abin da ke sa gwamnatoci wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne, tsoro suke kada neman afuwa ya zama amsa laifi, amsa laifi kuma ya buɗe ƙofar neman diyya. Mu da muke da tarihin Satiru ta 1906 da Burmi ta 1903, inda sojojin mulkin mallaka suka kashe mutanenmu, ya kamata kunnenmu ya saba da waɗannan dabaru tun kafin wata rana a zo a yi mana irin wannan jawabi.

Akwai wani misali da ya nuna cewa wani lokaci da gangan ake barin ƙofar a buɗe don mai fassara ya shiga. A ranar 1 ga Afrilun 2001, wani jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin a kusa da tsibirin Hainan, matuƙin jirgin Sin ya mutu, jirgin Amurka ya sauka a tsibirin ba tare da izini ba, aka tsare ma'aikatansa 24 har kwana 11. Sin ta ce sai an nemi afuwa, Amurka ta ce ba ta yi laifin da za ta nemi afuwa ba. Da aka rasa mafita, sai jakadan Amurka a Beijing, Joseph Prueher, ya miƙa wata wasiƙa da aka ce "very sorry" sau biyu a cikinta, ɗaya a kan rasuwar matuƙin, ɗaya a kan shiga sararin samaniyar Sin da sauka ba tare da izini ba. Sin ta gabatar wa mutanenta wasiƙar a matsayin ban haƙuri, Amurka ta gaya wa nata mutanen cewa jaje ne kawai, aka saki ma'aikatan, kowa ya tsira da mutuncinsa. Idan aka kwatanta wannan da jawabin Firayim Ministan Japan Tomiichi Murayama na ranar 15 ga Agustan 1995, lokacin cika shekara 50 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, za a ga bambanci, domin a fassarar Turancin jawabinsa an haɗa "remorse" mai zurfi da neman afuwa daga zuciya a jimla ɗaya, shi ya sa har yau da shi ake auna jawaban waɗanda suka gaje shi.

Na bar wadda ta fi damuna sai yanzu, saboda ita ce ta shafi jininmu. Tun da aka fara shirin Operation Safe Corridor na gyaran halin 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya a 2016, wanda ke da sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, da kuma bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 lokacin da dubban mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno, jami'ai suke amfani da kalmar "repentant", kafafen Hausa kuma suka mayar da ita "tubabbu". A ƙamus fassarar ba ta da aibi. Matsalar ita ce tuba a kunnen Musulmi ba ƙaramar kalma ba ce. Imam Nawawi da sauran malamai sun jero sharuɗɗanta: a bar laifin, a yi nadamar aikata shi, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma akwai haƙƙin wani a ciki, a mayar masa ko a nemi ya yafe. Idan jarida ta kira mutum tubabbe, to ta yi masa shaidar duk waɗannan, kuma ta ɗora wa matar da aka kashe wa miji nauyin da bai kamata ba, domin idan ta ce ba ta yarda da shi ba, sai a ga kamar tana jayayya da tuban bawa tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da ɗan jarida ya gani da idonsa shi ne mutum ya fito daga daji, ya ajiye bindiga, ya yi rantsuwa. Ko yunwa ce ta koro shi, ko ruwan bama-bamai, ko rikicin shugabanci, ko kuwa da gaske zuciyarsa ce ta karye, wannan sai zama da lokaci su nuna. Ba a manta da Auwal Daudawa ba, ɗan bindigar da ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. A watan Fabrairun 2021 ya miƙa makamai a Gusau ya rantse da Alƙur'ani, aka yi ta kiransa tubabbe, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can kuma aka kashe shi. Talakawa sun daɗe da sunan wannan, tuban muzuru suke cewa.

Ba ina cewa kada a karɓi wanda ya ajiye makami ba ne, kuma ba ina cewa babu na gaskiya a cikinsu ba, musamman yaran da aka sace aka tilasta musu. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa don bincikar laifukan zamanin wariyar launin fata kuma Desmond Tutu ya shugabanta, ta yi afuwa ga mutum 849 daga cikin sama da 7,000 da suka nema, kuma doka ba ta shar'anta musu su nuna nadama ba, abin da ta nema shi ne laifin ya zama na siyasa kuma mutum ya faɗi duk gaskiyar abin da ya aikata. Ana iya sukar wannan tsari, an kuma soke shi, amma aƙalla bai yi wa kowa shaidar abin da ke zuciyarsa ba. Mu ma muna iya cewa "waɗanda suka miƙa wuya" ko "waɗanda suka ajiye makamai", mu bar "tubabbu" a bakin jami'in da ya faɗe ta, mu jingina masa ita.

Roƙona ga wannan jarida da sauran takwarorinta shi ne a riƙa komawa ga ainihin jawabin kafin a rubuta kanun labari, ba a dogara da taƙaitawar wani ba. Idan "regret" aka ce, a rubuta cewa ya nuna takaici ko ya ce bai ji daɗin abin da ya faru ba, idan kuma akwai masu jiran neman afuwa ba su samu ba, a ƙara jimla ɗaya a ce bai nemi afuwa ba, domin sau da yawa wannan jimlar ita ce labarin. Idan alƙali ya ce mai laifi bai nuna "remorse" ba, a rubuta cewa kotu ba ta ga alamar abin da ya yi wa wanda ya cuta ya dame shi ba, ko da ya yi kuka ya roƙi sassauci. "Ya nemi afuwa" kuma a adana ta sai ga wanda ya furta da bakinsa cewa ya yi laifi, a yafe masa. Zai kuma yi kyau sassan koyar da Hausa da aikin jarida a jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato su sa irin waɗannan jawabai cikin darussan fassara, a ba ɗalibi jawabin Hague da wasiƙar Prueher a ce ya mayar da su Hausa ba tare da ya ƙara musu ko ya rage musu nauyi ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon tafintan kotu,
Zariya.